Ƙofar Damyana

Insaf Abdul-Maula, wadda mutanen Lungun Gammal suka fi sani da Ummu Shahat, takan ce duk faɗin Alƙahira babu macen da aka raɗa wa suna sau da yawa kamar ita. Mahaifinta ya raɗa mata ɗaya a ƙauyensu can Suhaj, sauran kuma masu bincike ne suka yi ta ƙara mata. A wani littafi ita ce Nadiya, a wani Ummu Ali, a wani kuma harafi ɗaya tak aka ba ta.

"Wata Baturiya ma Samira ta sa mini, ta kuma rage mini shekara goma," in ji ta. "Ita kaɗai na yafe wa."

Ba raini ne ya sa suke yin haka ba. Ƙa'idar masu nazarin zaman jama'a ce: wanda ya buɗe maka cikinsa, kai kuma ka rufe masa sunansa da ƙofar gidansa. Insaf ta san wannan tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke zuwa suna karanta mata shi daga takarda.

Ta zo lungun ne tana amarya, da akwati ɗaya da tukunyar tagulla. Mijinta Abdul-Ati mai guga ne, shagonsa a bakin lungu, inda duk baƙo yake fara tsayawa ya yi tambaya. Shi kuwa mutum ne da magana ke yi wa nauyi fiye da dutsen gugarsa. In aka tambaye shi abin da ya wuce riga da wando, sai ya ɗaga haɓa ya nuna tagar sama. A tagar nan Insaf take. Haka ta zama ƙofar shiga lungun ba tare da kowa ya naɗa ta ba.

Ta ga masu bincike iri-iri. Akwai masu takardar tambayoyi, waɗanda ke ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya su tsallake huɗu. Zuwansu na farko sai da aka kusa ba hammata iska, don waɗanda aka tsallake sun ɗauka rabon shinkafa ake yi aka hana su. Insaf ce ta sauko ta raba gardamar.

"Ku in za ku ɗanɗana miya, tukunyar kuke shanyewa? Cokali ɗaya ake ɗiba. To mu ne miyar, kowa ya koma ɗakinsa."

Akwai masu tara mata a ɗaki, su ajiye rikoda a tsakiya kusa da tiren shayi, su jefa tambaya guda su koma gefe suna kallon yadda za a kaya. Akwai kuma masu zuwa su tare gaba ɗaya. Cikin waɗannan wadda ta fi daɗewa ita ce Awatif, wata siririyar ɗalibar jami'a da ta kama ɗaki a saman rufin gidansu Insaf ta shekara cur. Tana bin mata famfo, tana bin su layin biredi da gidan makoki, tana koyon naɗe shinkafa a ganyen inabi da hannun da Allah bai nufa ya iya ba.

Amma duk wanda ya zauna hira da Insaf, hirar ba ta yin armashi sai tagar da ke fuskantar tata ta buɗe. Damyana Fahim ke nan, matar Sidhum kafinta. Lungun ƙunci ne da shi, har igiyar shanya ɗaya suke amfani da ita, bakinta ɗaya a ƙusar Insaf, ɗayan a ta Damyana. Insaf za ta gyara zama ta ce wa baƙo, "Mu a lungun nan kowa ɗan'uwan kowa ne." Sai murya ta faɗo daga tsallake:

"Ƙarya take yi, ɗana, rubuta. Tun Sallar bara take riƙe da rariyata."

"Wannan tsohuwar rariyar da duk ta huje?"

"Da ba ta huje ba ai da ba rariya ba ce, Rediyo!"

Rediyo take kiranta, ita kuma Insaf takan ce da ita Uwar Ƙorafi. Damyana Kirista ce. In watan Ramadan ya kama, ba ta soya kifi sai ta rufe tagarta. In azumin su Damyana ya zo, lokacin da ba sa cin nama ko abin da ya fito daga dabba, Insaf takan dafa wakenta da man zaitun kawai, don ta samu ta miƙa kwano ta taga. Ba su taɓa zama sun shirya haka ba. Da Sidhum ya rasu, Insaf ce ta riƙe kicin ɗin gidan har aka tashi zaman makoki. Da Abdul-Ati ya bi bayansa, Damyana ta rama. Ɗan Damyana tilo ya tafi Libiya neman aiki, labarinsa ya yi ta raguwa har ya ɗauke, ita kuwa ba ta taɓa yin maganarsa a gaban rikoda ba.

Sai dutse ya faɗo. Da hantsi ne, wani ɓangare na dutsen da unguwar ke gindinsa ya ɓallo ya danne layin da ke bayan nasu. Waɗanda suka ga abin har yau gabansu na faɗuwa in babbar mota ta wuce. Hukuma ta ce unguwar duka sai an tashe ta. A lokacin da motocin rusau suka iso Lungun Gammal, Insaf tana Suhaj, yayanta ya rasu, ta zauna sai an yi arba'in. Ɗanta Shahat ne ya loda kayanta ya kai sabon gidan da aka ba su. Damyana kuwa haya take yi, hayar da Sidhum da uban mai gidan suka ƙulla da musafaha tun tana amarya, babu takarda. Ba a ba ta gida ba. An dai gan ta a bayan wata a-kori-kura da durowar kayanta da hoton Maryama a cinya. Ba wanda ya tambaye ta ina za ta, kowa ta kansa yake yi.

"Shahat, ba ka karɓi lambarta ba?"

"Umma, ai na ɗauka kina da ita."

Ina za ta same ta? Shekara talatin da ɗoriya suna tare, bai taɓa zuwa ran ɗayarsu ta karɓi lambar wayar 'yar'uwarta ba. Wa zai buga wa mutumin da yake jin tarinsa ta taga waya?

Sabon gidan yana can bakin hamada, benaye iri ɗaya a jere kamar akwatunan ashana. Akwai ruwa, akwai wuta, bango ba ya yoyo. Tagar Insaf na kallon filin yashi da turakun lantarki. Da safe in ta ji wani abu a rediyo sai ta tsinci kanta ta juya ta ce, "Kin ji ko?" ga gilashi. Ta je cocin da Damyana ke zuwa, ta tarar an sauya limamin, sabon ya ce bai san ta ba. Ta tambayi mai biredi, ta tambayi mai sayar da iskar gas, ta tambayi matar da ke yi musu allura. Kowa ya ce Allah ya haɗa fuskokinku. Alƙahira kuwa kogi ce, wanda ya faɗa cikinta ba ya barin sawu.

Ana nan, wata rana aka buga mata ƙofa, ta buɗe ta ga wata yarinya da jaka a kafaɗa tana haki saboda hawan bene. Sunanta Shuruk. Ba ta daɗe da gama digirin farko ba, tana aikin na biyu ne a kan mutanen da aka tasa. Tana cikin ɗaliban da suka kai ruwa da barguna ranar da dutsen ya faɗo, kuma abin da ta gani bai sake ta ba, ko ƙofar maƙwabta aka rufe da ƙarfi sai ta zabura. Ta ce Awatif ce ta turo ta.

"Awatif? Mai naɗa ganyen inabi kamar takalmin soja? Har ta girma tana aiken mutane?"

"Farfesa ce yanzu, Inna."

"Farfesar me, ita da ba ta iya ɗaura wa shinkafa zani ba? Shigo, Daktora, kar ki faɗi mini a bakin ƙofa."

Da aka kawo shayi Shuruk ta ciro takarda za ta karanta ƙa'idoji, Insaf ta ɗaga mata hannu, ta ce ta san su, a wuce wurin. Sai ta tambaye ta ita wace iri ce, mai tsallake ƙofofi ko mai tara mata.

"Ko ɗaya, Inna. Ba zan iya tsallake ƙofa huɗu in buga ta biyar ba, don ƙofofin ma babu su. Mutanen sun warwatse, ba wanda ya san inda kowa yake. Shi ya sa zan fara da mutum ɗaya. In mun gama hira sai in tambaye shi wa kuma ya sani daga tsohuwar unguwa. Shi ya haɗa ni da wani, wanin ya haɗa ni da wani. Kamar sarƙa."

Insaf ta ajiye kofin shayinta a hankali.

"Ita sarƙar har ina take kaiwa?"

"Har sai na daina jin sabon abu. In maganganun suka fara maimaita kansu, sai in tsaya."

"Ko da akwai wanda ba ki kai gare shi ba?"

"Ba kowa ake kaiwa gare shi ba, Inna."

Washegari da Shuruk ta zo ta tarar da ita a shirye, da baƙar abayarta da jakar hannu. Insaf ta ce ita za ta raka ta, don mutanen Gammal ba sa buɗe wa baƙuwar fuska ƙofa. Gaskiya ta faɗa. Ƙofofi suka yi ta buɗewa. Baba Hilmi mai gahawa ya rungume ta yana share ido. Aka yi ta tuna baya, wane ya rasu, wance ta haihu. Ko'ina suka je, kafin su fita Insaf takan tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi, ta ce kamar abin bai dame ta ba, "Af, ko kun ji ɗuriyar Damyana?" Sai a girgiza kai.

Ba a yi nisa ba Awatif ta bugo mata waya. Bayan an gaisa an tsokani juna, ta shiga magana.

"Ummu Shahat, na saurari hirarrakin yarinyar nan. Muryarki ta fi ta kowa yawa a ciki."

"Ai ni ce na fi su iya magana."

"Ban musa ba. Amma duk wanda ya gan ki sai ya gyara zama ya ce alhamdu lillahi, lafiya lau. Wa zai ce bai ci abinci ba a gaban matar da ta san uwarsa? Hilmi ya ce mata kasuwa na tafiya. Hilmin da ya sayar da kujerunsa."

"Yau ni za ki kora, ke da na koya wa tare layi a famfo?"

"Ke kika koya mini, shi ya sa na sani. Ki bar ta ta tafi ita kaɗai, yaya."

Insaf ta kashe wayar ba sallama. Ta yini tana mita, amma ta san maganar ba ƙarya ba ce. Ita da kanta ta ga yadda Hilmi ya tura ƙafa ya ɓoye tsagar tabarmarsa da ta shiga.

Daga nan Shuruk ta ci gaba ita kaɗai. Sarƙar ta fita daga benayen bakin hamada ta shiga cikin gari, ta yi Shubra, ta gangara Hilwan, ta dawo. Duk Alhamis takan zo cin abincin rana, Insaf ta dafa mata miyar lalo da shinkafa, don ta ce yarinyar ta yi kama da wadda ake ba abinci da awo. Shuruk ba ta faɗin wanda ta gani, Insaf kuma ba ta tambaya. Tambaya ɗaya kawai take yi, tana zuba miya, ba ta kallon fuskarta:

"Ana dai jin sabon abu?"

"Ana ji, Inna."

Sai ta sauke ajiyar zuciya ta ƙara mata nama. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, amsar ba ta sauya ba.

Wata Alhamis Shuruk ta shigo ta gaishe ta sau biyu, ta manta ta yi na farko. Ta zauna ta yi ta yabon miyar alhali ko cokali ba ta ɗaga ba. Ta kalli agogo, ta kalli firji, ta kalli farcenta. Insaf ta ajiye ludayi.

"Kin gan ta."

"Inna, ba zan iya cewa wa na gani ko wa ban gani ba."

"Da ba ki gan ta ba, da kin ce a'a kin ci abincinki. Ke ko ƙarya ba ki iya ba, ban san me suke koya muku a jami'ar nan ba. Tana da lafiya?"

Shuruk ta kau da kai. Ta ce don Allah a yi haƙuri.

"A wace unguwa? Unguwar kawai. Ni zan nemi sauran."

"Ba zan iya ba."

Insaf ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta haɗa ta da Allah da Annabi, ta tuna mata miyar da ta sha tun sanyi. Daga ƙarshe ta sassauta murya ta matso kusa.

"To kar ki faɗa. Ranar da za ki koma, ki tashi ki kama hanya, ni kuma in bi bayanki. Laifin ƙafata ne, ba na bakinki ba."

"In kika biyo ni, Inna, ba zan je ba."

Hawaye take yi, amma ba ta janye ba. Ta share fuska da hannun riga, ta ce duk wanda ta yi hira da shi takan tambaye shi ko ya yarda a san inda yake. Wasu sukan ce ba komai. Wasu kuma sukan ce kar mutumin lungu ko ɗaya ya sani.

"Har ni?"

Shuruk ta sunkuyar da kai tana kallon kwano.

Insaf ta tashi ta je taga ta tsaya. Da farko zafi ne ya cika mata ƙirji. Ita da ta riƙe kan matar nan ranar da aka fitar da gawar Sidhum, yau ita ake yi wa ɓuya? Amma da ta daɗe tana kallon yashin, sai ta fara ganin abin ta wata fuska. Damyana ce fa, wadda ba ta barin mai karanta mitar wuta ya shigo sai ta goge dakali. In har ta ɓuya, to inda take ne ba ta so ido ya gani, musamman idon da ya san yadda ɗakinta yake a da. Ta kuma tuna wata rana, shekaru da yawa baya, da wani magidanci ya hau saman rufi a fusace yana son Awatif ta kunna masa abin da matarsa ta faɗa. Ita Insaf ce ta tare matakala da jikinta ta ce masa abin da aka faɗa wa mai rikoda ya faɗa rijiya, in ya isa ya ture ta. A ranar ƙa'idar daɗi ta yi mata.

Ta dawo ta zauna.

"To, Daktora. Ƙa'idarku ta hana ki ba ni ƙofarta. Ta hana ki ba ta tawa?"

Shuruk ta ɗago. Ta ce ba ta sani ba, sai ta tambayi Farfesa. Nan take ta fita baranda da waya. Da ta dawo ta ce Farfesa ta ce ƙofar mutum tasa ce, in ya ga dama ya ba wanda yake so, amma saƙo kawai za a kai, ba roƙo, ba matsi, kuma in ba a amsa ba shi ke nan.

"In akwai wadda za a kai wa saƙon, zan kai," in ji ta.

"Ji ta, wai in akwai. To ki ce wa wadda babu ɗin ga lambar benena, ga hawa. Ki ce ban tambayi komai ba, ba kuma zan tambaya ba. Ki ce gwiwoyina sun fara cin amanata, in tana son ganina a tsaye ta hanzarta. Ci abincinki, ya huce."

Amsa ba ta zo ba a wannan makon, ba ta zo a na bayansa ba. Insaf ta daina zuwa kasuwa da kanta, kar a zo ba ta nan. Duk takun da ta ji a matakala sai ta ɗauke numfashi har ya wuce hawanta. Ta sa Shahat ya gyara ɗaya gadon da ke ɗakinta, ya tambaye ta baƙo za a yi, ta ce ya yi abin da aka sa shi. Ana cikin haka Shuruk ta faɗa mata cewa maganganun sun fara maimaita kansu, Farfesa ta ce ta rufe hira ta zauna rubutu. Ranar Insaf ta manta ba ta sa gishiri a miya ba.

Sai a zuwanta na bankwana da masu hirar tata ne Shuruk ta dawo da magana. Ta faɗe ta a tsaye, ko jaka ba ta sauke ba. Ba gidan Insaf ba, ba kuma can ba. A babbar tashar mota ta tsakiyar gari, wurin mai matse rake da ke kusa da gada, ranar Talata da hantsi. Da sharaɗin Insaf ta zo ita kaɗai. Kuma alkawarin da ta yi na rashin tambaya, a riƙe shi.

Tashar cike take kamar kullum, ƙananan bas-bas sun yi cirko-cirko, 'yan kamasho na ta kiran sunayen unguwanni, kowa na ƙoƙarin danne muryar ɗan'uwansa. Daga nan babu inda mota ba ta zuwa. Insaf ta gane dalilin zaɓen wurin tun kafin ta sauka. Ta hango Damyana a kan benci, cikin baƙar riga da aka yi wa guga mai kyau, ta zauna a miƙe kamar mai jiran likita. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo.

"Kin tsufa, Rediyo."

"Ke kuma kin koma kamar raken da aka gama matsewa. Matsa mini."

Ta zauna. Ba su rungumi juna ba, don Damyana ba ta son a yi abin kallo a titi. Kafaɗunsu dai suka haɗu, ba wadda ta janye. Aka kawo musu ruwan rake kofi biyu. Da Damyana ta miƙa hannu za ta karɓa, Insaf ta ga yatsun, duk sun tsage sun yi fari, irin hannun da ke yini cikin ruwan wanke daɓe. Damyana ta ga ta gani. Ta mayar da ɗaya hannun ƙarƙashin mayafi.

Insaf ta buɗe baki ta shiga ba da labari. Hilmi ya ce a gaishe ki. 'Yar mai allura ta haifi tagwaye, duk sun ɗebo hancin ubansu, Allah ya ba su haƙuri. Matar Shahat har yau shinkafarta kamar ta makafi. Awatif ta zama farfesa, ta yi ƙiba, tana korar mutane ta waya. Damyana na ta musa mata, wannan ba haka ba ne, wancan kin ƙara gishiri, har ta yi dariyar da ta sa ta tari. Tambayoyi kuwa suna ta hawowa Insaf maƙogwaro. A ina kike kwana? Wa ke dafa miki in kin kwanta ciwo? Yaron ya yi waya? Kowace ta taso sai ta kora ta da ruwan rake.

Da kofunan suka ƙare ta ce, tana kallon gada, "Gado biyu ne a ɗakina."

"Na sani. Yarinyar ta faɗa."

"Ban ce ta faɗi wannan ba."

"Ba ta iya ɓoye abu ba, sai abu ɗaya." Damyana ta juya kofin a hannunta. "Ba yanzu ba, 'yar'uwa."

"Sai yaushe?"

"Ke kika ce ba za ki tambaya ba."

Insaf ta haɗiye. Can Damyana ta leƙa cikin kofinta ta taɓe baki.

"Mutumin nan ruwa yake ƙarawa. Wata mai kamawa, Talatar farko, mu gwada na tsallaken can."

"Shi ma ƙorafinsa za ki yi."

"In ya ƙara ruwa ba."

Ta miƙe tana kakkaɓe riga. Ta ce Insaf ta fara tafiya. Insaf ta ce a'a, gwiwoyinta na buƙatar hutu, ita ta fara. Suka tsaya suna kallon juna, kowace ta san abin da ɗayar ke nufi. Motocin na nan a jere, kowace da unguwarta a bakin ɗan kamasho, kallo ɗaya ya isa a san inda mutum ya nufa.

Sai Insaf ta tashi da ƙyar ta juya baya. Ta fuskanci tulin raken da ke jingine da bangon shagon, ta kafa masa ido kamar mai shirin saye. Ta ji yatsu masu kaushi sun taɓa mata gwiwar hannu, sau ɗaya, sun sake. Bayanta ana ta kira, Shubra, Imbaba, Hilwan, Matariyya, ana buga ƙofofi, motoci na tashi ɗaya bayan ɗaya. Wuyanta har ciwo yake yi don son waiwaye. Ba ta waiwaya ba.

Mai raken ya gama wanke kofunansa, ya goge hannu, ya dube ta.

"Hajiya, 'yar'uwar taki ta tafi tuntuni."

"Na sani, ɗana," ta ce. "Ina motar bakin hamada take tsayawa?"